Tuddan Adar: ƙasar da teku ya bari

Tuddan Adar da ke jihar Tawa sun taɓa kasancewa ƙarƙashin ruwa. Kimanin shekaru miliyan 60 zuwa 70 da suka wuce, wani teku marar zurfi ya ratsa Sahara ya rufe wannan yanki. Shaidarsa tana nan cikin duwatsu: haƙoran kifi, ƙasusuwan kunkuru da ɓawon katantanwa waɗanda laka ta binne har suka koma dutse. Irin wannan ɓawo ne ya taru ya zama dutsen farar ƙasa da ake yin siminti da shi a Malbaza.

Dutse ba ya dawwama yadda yake. Zafin rana yana kumbura shi, sanyin dare ya tsuke shi, har ya tsage; ruwa ya shiga tsagar ya marmashe shi. Da haka ƙasar noma take samuwa, a hankali ƙwarai. Manoma sun rarrabe ta: jigawa mai rairayi da ta dace da gero, geza mai tauri da ruwa ke gudu a kanta, sai fadama mai laka inda ake noman albasa.

Zaizaya kuwa tana da sauri. Inda aka sare itatuwa, ruwan damina ɗaya yana iya kwashe ƙasar sama, ya buɗe kwazazzabo a tsakiyar gona. Shi ya sa aikin Keita, wanda ya fara a 1984, ya duƙufa wajen jera duwatsu, haƙa ramuka da dasa itatuwa, domin ruwa ya tsaya ya nutse a wurin da ya sauka.