Mudun Ƙara: Tarihin Auna Amon Lasifika

A kasuwannin Kusada da Kankia ba a sayen gero da ido; sai an sa tiya an auna, domin ita ce alƙalin da mai saye da mai sayarwa suka yarda da shi. Amma idan dare ya yi aka jera lasifikoki a ƙofar gidan biki, sai wannan ƙa'ida ta ɓace. Mai kiɗa ya ce bai ƙure sauti ba, maƙwabci ya ce jaririnsa ya kasa barci, kowa kunnensa ne shaidarsa. Alhali ita ma ƙara tana da mudunta, kuma ya kusa shekara ɗari da ƙirƙirowa.

Asalinsa daga wayar tarho ne. Injiniyoyin kamfanin Bell na Amurka sun buƙaci hanyar lissafa yadda murya ke raunana a doguwar waya. A 1924 suka tsayar da ma'auni, a 1928 suka raɗa masa suna desibel don tunawa da Alexander Graham Bell. Tun a 1916 Edward Wente na kamfanin Western Electric ya ƙera makirufon da ke ɗaukar siririyar murya da kakkaura kusan daidai wa daida, shi ne kakan makirufon awo na yau. A 1925 kuma Chester Rice da Edward Kellogg suka bayyana tsarin lasifikar da har gobe ake amfani da shi: naɗin waya a cikin maganaɗisu yana girgiza faifan takarda.

Lasifikar ta iso ƙasar Hausa da wuri. A 1944 Turawan mulkin mallaka suka buɗe rediyon waya a Kano, suka kafa lasifikoki a wuraren taruwar jama'a. Daga baya ta bazu zuwa masallatai da wuraren wa'azi, taron siyasa da motocin masu tallan magani, har ta shiga falon gidaje. Mudun ne bai biyo ta ba. Najeriya ta kafa hukumar kula da muhalli ta NESREA a 2007, aka fitar da ƙa'idojin taƙaita ƙara a 2009, amma doka ba ta da haƙora inda babu na'urar da za ta ba da shaida.

Awon kansa ba shi da wuya. Da farko ana gwada gaskiyar makirufon: a saka shi a bakin wata ƙaramar na'ura mai fitar da sautin da aka san ƙarfinsa, galibi desibel 94. Idan ya nuna hakan, sai a ajiye shi mita ɗaya daga lasifika, a riƙa ƙara sauti sannu a hankali. Ba a dogara da wayar hannu a nan, domin makirufonta na magana ne, yakan cika ya kasa idan ƙara ta tsananta.

Abin da awon ke tonawa yana da ban mamaki. Ninka ƙarfin wutar da ke shiga lasifika sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa. Sai an ninka shi kusan sau goma kunne ke jin sautin ya ninka. Idan aka matsa, naɗin wayar ya ɗau zafi, ƙarin ya ragu, murya ta fara tsagewa. Don haka mai murɗa maɓalli har ƙarshe yana gab da ƙona lasifikarsa a kan riba ƙalilan.

Asarar kunne ta fi ta lasifika. Cibiyar NIOSH ta Amurka ta ƙayyade wa ma'aikaci awa takwas a desibel 85, awa huɗu a 88, minti goma sha biyar kacal a 100. Ƙwayoyin ji na cikin kunne kuwa ba sa sake tsirowa idan suka mutu, kuma yara ne suka fi matsowa gaban lasifika a gidan biki. A fili, duk ninka tazara daga lasifika yana rage kimanin desibel 6. Ko kafin na'urar awo ta zo hannun mai unguwa a Kusada, matsar da yaro daga mita biyu zuwa huɗu na iya ninka lokacin da kunnensa zai jure har sau huɗu.