Lahanin Jijiyoyin Jini da Aikin Filatilet a Ciwon Sukari Mai Buƙatar Insulin: Nazari Kan Manoman Rani na Garun Mallam

Tsakure: Maƙalar ta nazarci yadda ciwon sukari nau'i na ɗaya ke ɓata jijiyoyin jini da filatilet, wato ƙwayoyin da ke daskarar da jini, da abin da hakan ke jawo wa mai noman rani.

Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, ruwanta ke ratsa Bunkure da Kura da Garun Mallam. Manomin wannan yanki ya san cewa idan simintin magudana ya tsage, a wurin laka ke taruwa har ruwa ya kasa kai wa gona. Haka jijiyar jini take. Shimfiɗar cikinta na fitar da naitirik oksaid da furostasaikilin, wanda John Vane da Salvador Moncada da abokan aikinsu suka gano a 1976. Sinadaran nan biyu ke hana filatilet mannewa.

Idan sukari ya daɗe a sama, yakan maƙale wa furotin, ya rage waɗannan sinadarai, shimfiɗar ta raunana. Su kuma filatilet, da ke tsakanin 150,000 da 450,000 a kowace maikirolita, sai su ƙara fitar da sinadarin turomboksen, su riƙa curewa da wuri. Ƙananan jijiyoyin ido da ƙoda da ƙafa ke ɗanɗana kuɗarsu.

Ƙafar ce abin tsoro a nan. Mai ban ruwa a gonar shinkafa ko tumatir yakan yini a laka ba takalmi. Idan mai ciwon sukari ne, ƙaya ta soke shi bai ji ba, jini bai isa wurin sosai ba, sai ciwo ya zama gyambo.

To, a sha asfirin ke nan, tunda yana hana filatilet curewa? Binciken ASCEND na 2018 a Birtaniya, kan mutum 15,480, yawancinsu masu nau'i na biyu, ya nuna asfirin ya rage toshewar jijiya da kashi 12 cikin ɗari, amma ya ƙara mummunan zubar jini da kashi 29. Wannan ba ciniki ba ne da za a ƙulla a kemis, balle ga yara. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta binciken DCCT na 1993 a Amurka da Kanada: cikin masu nau'i na ɗaya 1,441, tsananta daidaita sukari ya rage haɗarin kamuwa da lahanin ido da kashi 76 ga waɗanda ba su da lahanin tun farko.

Saboda haka insulin da gwajin sukari su ne gaba. Ma'aikatan lafiya na Garun Mallam su riƙa duba tafin ƙafar kowane mai ciwon, su nanata masa sa takalmin roba, su kuma tura mai gyambo Asibitin Koyarwa na Aminu Kano tun kafin ƙafar ta yi baƙi.