Yadda Baƙar Fata Ta Samu Gurbi a Teburin Wasan Yaƙi

Mu masu fentin 'yan ƙananan sojojin wasan yaƙi, irin masu tsayin milimita 28, daga Ingila muka gaji wannan sha'awa. A can H. G. Wells ya fitar da littafin dokokin wasan, Little Wars, a 1913, lokacin da sojojin dalma ke fitowa daga masana'anta da fentinsu. Da masu wasa suka fara riƙe burushi da kansu, sai suka tarar kasuwa ta riga ta yi musu zaɓi: ɗan gwangwanin fentin Humbrol mai lamba 61, wanda aka tanada domin fata, launin Bature ne.

Baƙar fata ta shigo ne ta yaƙe-yaƙen mulkin mallaka. Fim ɗin Zulu na 1964, da dokokin The Sword and the Flame da Larry Brom ya wallafa a 1979, sun sa jama'a sha'awar sake buga yaƙin Isandlwana na 1879 da na Omdurman na 1898. Wasan na cin mayaƙan Zulu da na Mahadin Sudan masu ɗimbin yawa, don haka akan shafe su da ruwan ƙasa iri ɗaya a wuce. Hafsan Ingila kuwa, har gashin bakinsa ake bi. Wannan bambanci ya daɗe yana ci min rai.

Gyara ya faro ne daga kamfanoni irin su Wargames Foundry da Reaper, masu sayar da fenti uku-uku: na inuwa, na tsakiya, da na haske, har da na baƙar fata. Masu amfani da fentin Citadel kuwa sun daɗe suna aron launuka irin su Rhinox Hide da Doombull Brown, kafin kamfanin ya fito da Bloodreaver Flesh da Knight-Questor Flesh a 2019.

Amma babban ci gaban a ido ya faru. Mun gane cewa idan aka haska ruwan ƙasa da fari, fatar takan yi furu-furu kamar ta wanda bai shafa mai ba a hunturu. Shimfiɗar farko tana son ja-ja. Inuwa tana son shunayya ko shuɗi mai duhu, ba baƙi zalla ba. Hasken kuma ruwan goro ne, kuma ɗan kaɗan ake sawa: goshi, karan hanci, ƙashin kumatu, kafaɗa da gaɓoɓin yatsu, domin baƙar fata sheƙi take yi a wurare ƙanana. Tafin hannu ya fi bayansa haske.

Abin da ya rage mana shi ne rundunar kanta. Dakarun Mahadi sun haɗa Baggara da Beja da sojojin jihadiyya 'yan asalin kudancin Sudan, ba launinsu ɗaya ba. Duk wanda zai jera su a tebur, ya sa baƙi wuluk kusa da wankan tarwaɗa, ya ba kowane mashi fuskar mai riƙe da shi.