Cikin Shege a Ƙasar Ailan: Shekara 76 Ana Ɓoyo

Sau da yawa idan ana zancen yarinyar da ta yi ciki ba aure, sai ka ji wani ya ce ai Turawa ba ruwansu, su ba su san abin kunya ba. Duk wanda ya karanta tarihin Ailan, wato tsibirin nan da ke yamma da Ingila, inda da yawa daga cikin malaman makarantun mishan na ƙasarmu suka fito, ya san zancen ba haka yake ba.

Lokacin da Ailan ta sami mulkin kai a 1922, yawancin jama'arta mabiya ɗarikar Katolika ne, masu riƙo da addini da tsananin kishin sunan gida. Da zarar cikin yarinya ya bayyana, sai iyaye su lallaɓa su kai ta wani gida da aka tanada domin irinta, wanda galibi mata masu hidimar coci ke gudanarwa, hukuma kuma tana biyan kuɗin ci. Can za ta haihu, ta yi ta aikin wanki da shara ba ko sisi, daga bisani a raba ta da abin da ta haifa. Wasu jariran har Amurka aka kai su riƙo.

Hukumar binciken da gwamnati ta kafa ta ba da rahotonta a Janairun 2021. A gidaje 18 da ta bincika, tsakanin 1922 da 1998, mata kimanin 56,000 suka shiga, tare da yara wajen 57,000. Fiye da 5,000 daga cikin matan ba su kai shekara 18 ba, har da 'yar shekara 12, wasu kuma fyaɗe aka yi musu. Yaran da suka mutu kuwa sun kai 9,000. To, ina mazan da suka yi cikin? Ai su suna gari suna harkokinsu. Rahoton ya ɗora mafi yawan laifin a kansu da kan iyayen 'yan matan, amma matan da abin ya shafa suka ce an sassauta wa coci da hukuma. Ni dai a ganina laifin ya ishi kowa.

Wadda ta ɓoye cikinta ma ba ta tsira ba. Ranar 31 ga Janairu, 1984, a garin Granard, wata 'yar makaranta mai shekara 15, Ann Lovett, ta haihu ita kaɗai a fili cikin sanyin hunturu, a gindin mutum-mutumin Maryamu. Jaririn ya mutu, ita ma ta bi shi a ranar. Bayan haka mata suka yi ta aika wasiƙu gidan rediyo, kowacce tana amayar da abin da ta daɗe tana haɗiyewa.

Abin da zai fi jan hankalin 'yan'uwa marubuta shi ne labarin Catherine Corless, wata matar aure mai sha'awar tarihin garinsu, Tuam. Ba farfesa ba ce. Ta fara da rubuta maƙala a wata 'yar mujallar tarihi ta garin a 2012, sannan ta riƙa biyan kuɗi daga aljihunta tana karɓo takardun shaidar mutuwar yaran gidan Tuam, wanda ya yi aiki daga 1925 zuwa 1961, har ta tara 796. Da ta nemi kaburburansu a rubuce, sai ta rasa. Jaridu suka ɗauki maganar a 2014, aka yi ta musu, wasu na cewa ƙari ne. A 2017 masu bincike suka tabbatar da cewa akwai ƙasusuwan yara masu yawa a wasu ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake jin na tsohon ramin bahaya ne. Firayim Minista Micheál Martin ya nemi gafara a majalisa a 2021, kuma a Yulin 2025 aka fara tonon wurin domin a gane yaran a yi musu sutura.