Yadda Fataken Gwanja Suka Yi Tafiya da Dukiyarsu

Kalmar "kuɗi" asalinta jam'in "wuri" ce, ƙwanson nan na teku da ake kwasowa daga tsibiran Maldibs. Shi ne abin ciniki a Kano a ƙarni na 19, kuma babban aibinsa nauyi. Heinrich Barth, Bajamushen da ya iso Kano a 1851 yana amsa sunan Abdulkarim, ya tarar ana canjin dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500, ya kuma lura cewa matsakaicin raƙumi ba ya ɗaukar fiye da wuri 100,000. Wato kayan raƙumi guda dala arba'in ne kacal.

To, yaya mutumin yammacin Kano, daga ƙasar Gwarzo ko Kabo ko Bebeji, zai kai jarinsa Salaga, kasuwar goro ta Gwanja, tafiyar wata biyu zuwa uku? Da wuya ya kai shi a matsayin kuɗi. Tun a gida yake juya shi ya koma haja: turkuɗin Kura, kanwa, jemammun fatu, busasshiyar albasa, da jakunan da za su ɗauke su. Ayari ya haye Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu, ya bi ta Sansanin Mango da Yandi. A kowane zango sai a sayar da kaɗan, a sami wurin sayen abinci da biyan fito. Falke mai hankali ba ya riƙe wurin da ya wuce na 'yan kwanaki.

Mai taurin kai kuwa lissafi ne ke hukunta shi. Charles Robinson, Baturen Ingila da ya zo Kano a 1894, lokacin da darajar wuri ta riga ta faɗi ƙwarai, ya ba da labarin dokinsu da ya kasa a hanya. Da sun sayar da shi, sai sun ɗauki 'yan dako goma sha biyar don ɗaukar kuɗin, kuma ladan 'yan dakon zai cinye kuɗin duka kafin a yi nisa. Shi ne kuma ya rubuta abin da ba mu cika son tunawa ba: manyan matafiya kan tafi da bayi, suna sayar da su ɗaya bayan ɗaya don biyan buƙatun hanya, domin bawa dukiya ce mai tafiya da ƙafarta. Duk wanda zai yabi dabarun kasuwancin kakanninmu, wajibi ne ya sa wannan a ma'auni.

Sauran aikin amana ce ke yin sa. Madugu shi ke daidaitawa da sarakunan hanya a kan abin da ayari zai biya, sannan a raba wa kowa gwargwadon kayansa. A Salaga kuma falke yana sauka gidan fatoma, Bahaushe ɗan'uwansa ko wani mai jin Hausa, wanda zai ajiye masa kaya, ya nemo masu saye, ya tsaya masa idan an ba da bashi, ya karɓi la'ada. A ganina fatoman nan ya fi kusa da abin da muke kira banki, domin sunansa ne ke sa baƙo ya karɓi kaya yau ya biya gobe.

Zuwan Turawa ya sauya lissafin. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, sai ya zama sulen da aka karɓa a kasuwar Kurmi shi ne ake kashewa a Kumasi da Ankara. Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji, wanda ya yi fataucin goro a waccan ƙasa, ya ga zamanin biyu, kuma yana cikin 'yan kasuwar Kano na farko da suka kai azurfarsu banki a 1929.

Wannan sauƙi bai kai shekara hamsin ba. Gana ta fitar da kuɗinta a 1958, Nijeriya ta bi baya a 1959, naira ta zo a 1973. Ɗan kasuwar Sabon Birni da zai bi ta ƙasa zuwa Kumasi a yau yana buƙatar naira da sefa da sidi, shi ya sa yakan fara biyawa ta Wapa a Fagge, ko ya miƙa nairarsa ga wani amintacce a Kano, ya karɓi sidi a hannun wakilinsa a Zangon Kumasi.