Malamin Jaz da Sarewar Makiyaya

A ƙasar Hausa da ta Fulani, kiɗa sana'a ce ta gado. Ɗan makaɗi yakan tashi yana ɗaukar wa ubansa ganga, yana amshi, har hannunsa ya faɗa. Haka abin yake a fadar Zazzau, haka yake a fadojin lamiɓe na Garwa da kewayenta, inda algaita da kakaki ke yi wa sarki rakiya ranar salla. A dajin da ke tsakanin Garwa da Mayo-Oulo kuwa, yaro makiyayi yakan koyi busa sarewa daga wansa, suna bin shanu. Ba allo, ba littafi, sai kunne. Saboda haka mutane da yawa ba su ɗauki kiɗa a kan ilimi ba. Tarihin wani baƙo da ya zauna a Zariya ya isa ya sa mu sake tunani.

Sunansa Yusef Lateef. An haife shi a 1920 a jihar Tenesi ta Amurka, ya girma a birnin Detroit cikin baƙaƙen fata masu kiɗan jaz. Sunansa na yanka William, ya sauya shi bayan ya musulunta. Tun 1949 yana busa saksofon a ƙungiyar Dizzy Gillespie, daga baya ya ƙware a sarewar Turawa da obo, wadda 'yar'uwar algaita ce. Da ya yi suna bai ce ya gama ba. Ya shiga Makarantar Kiɗa ta Manhattan a Niyok, ya sami digiri na farko a 1969, na biyu kan koyar da kiɗa a 1970, sa'an nan digirin dakta a fannin ilimi daga Jami'ar Massachusetts a 1975.

Me ake koya a irin wannan makaranta? Ana koyon rubuta sauti a takarda, yadda wanda bai taɓa jin waƙa ba zai duba ya busa ta daidai. Ana koyon yadda muryoyi uku ko huɗu ke haɗuwa su yi daɗi. Kusan kowane ɗalibi, ko da mai busa ne, sai ya iya taɓa fiyano, gama a kanta ake ganin tsanin sauti a fili: matakai goma sha biyu, sa'an nan a koma na farko da murya mafi tsayi. Ana kuma koyon yadda za a koya wa yaro.

Mutumin da ya san duk wannan shi ne ya zo Jami'ar Ahmadu Bello a 1981, ya zama babban mai bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya har 1985. Abin da ya sa a gaba shi ne sarewa, wato kara mai 'yan ramuka da Fulani ke busawa. Dakta ya koma almajiri, yana saurare yana tambaya. Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilimi.

Akwai dalilin da ya sa sarewa ta ja hankalinsa. Yawancin waƙoƙinmu a kan matakai biyar suke tafiya, kuma kiɗan buluz, wanda jaz ya tsiro daga cikinsa, shi ma haka. Mai sarewa yana iya lanƙwasa sauti ya faɗa tsakanin matakai biyu na fiyano, inda babu maɓalli. Masu buluz ma haka suke yi da murya da garayarsu. Jikan bayin da aka kwashe daga Afirka ya ji a bakin makiyayi abin da ya yi kama da kiɗan gidansu.

Zamansa bai tafi a banza ba. A 1983 ya ɗauki faifai a Legas tare da makaɗan ƙasar, wanda ya fito da sunan In Nigeria. Shi da Ziky Kofoworola suka rubuta littafi kan kiɗa da wasannin Hausa, aka buga a 1987. Da ya koma gida ya ci gaba da koyarwa a Amherst, ya sami lambar Grammy, ya rasu a Disamba 2013 yana da shekara 93.

To, mai karatu, ga abin lura. Jami'ar Nsukka ta buɗe sashen kiɗa tun farkon shekarun 1960, amma a arewa an daɗe ana kallon makaɗi a kan maroƙi, iyaye kuwa ba su so ɗansu ya yi boko ya ƙare da ganga a kafaɗa. Ilimin da ke cikin kan tsohon mai algaita ba a rubuce yake ba. Idan 'ya'yansa suka tafi birni neman aiki, ranar da ya kwanta dama an binne taken sarakuna da yawa tare da shi.

Takarda kaɗai ba ta isa ba, gama ba ta kama lanƙwasar sarewa duka. Kunne kaɗai ma bai isa ba, gama mai kunnen yakan mutu. Lateef ya riƙe biyun, bai raina ko ɗaya ba. Yaran da ke koyon fiyano a majami'u da makarantun Garwa da Zariya suna da tsofaffin masu busa kusa da su, tafiyar yini ɗaya ko ƙasa da haka. Shi sai da ya ƙetare teku kafin ya same su.