Gayyar Kwamfutoci da Tambayar Rabon Lokaci

Duk wanda ya taɓa halartar aikin gayya ya san cewa gardama kan tashi ne wajen yanke gonar da za a fara nomewa, da tsawon lokacin da za a yi a cikinta kafin a wuce ta gaba. Wannan tsohuwar tambaya ta sake ɓullowa a ƙarshen ƙarni na ashirin, lokacin da masana suka fara roƙon jama'a aron kwamfutocinsu.

Tunanin mai sauƙi ne. Kwamfutar gida kan shafe mafi yawan yini ba ta aikin komai, don haka ana iya yanka babban lissafi gunduwa-gunduwa a aika mata ta intanet, ta warware ta mayar. George Woltman ya fara haka a 1996 da shirin GIMPS na neman manyan lambobin da ba sa rabuwa. A watan Mayun 1999 Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta ƙaddamar da SETI@home, mai tace bayanan na'urar Arecibo ko za a ji alamar wasu halittu a sararin samaniya, kuma miliyoyin mutane suka shiga. A shekarar 2000 Folding@home ya biyo baya daga Jami'ar Stanford. Sai dai kowane shiri da manhajarsa. Wanda ya ɗora biyu sai su yi ta kokawa a kan kwamfuta ɗaya, wanda kuwa ya tsaya ga ɗaya, ranar da aiki ya yanke sai na'urarsa ta koma zaman banza.

A 2002 David Anderson ya fara gina BOINC a Berkeley, manhaja ɗaya mai ɗaukar shirye-shirye da yawa. Mai kwamfuta ne ke ba kowane shiri lambar rabonsa. Idan ya ba wannan 300, wancan 100, na farko zai samu kashi uku cikin huɗu na lokacin. Manhajar tana riƙe lissafi kamar uwar adashi: aikin da wa'adinsa ya matso sai a gabatar da shi, wanda aka tauye kuma a rubuta masa bashi, a biya shi daga baya.

Wannan tsari ne ya buɗe wa ƙananan shirye-shirye ƙofa, domin ba sai sun tara nasu taron daga tushe ba. A 2006 Cibiyar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Suwizalan, da haɗin gwiwar CERN da masana daga Jami'ar Bamako, ta buɗe malariacontrol.net, wanda ya riƙa kwaikwayon yaɗuwar zazzaɓin cizon sauro don auna amfanin gidan sauro, magani da rigakafi. Mai neman halittun sama ya samu damar yanko wa sauro wani kaso.

Nijeriya ce ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan cuta a duniya, amma shiga gayyar na da tsada a wurinmu.  A Kakuri ko Barnawa kuwa, awa guda ta kwamfuta kuɗin man janareta ce, kuma aikin da ɗaukewar wuta ta sa ya wuce wa'adi sai a miƙa shi ga wani.

SETI@home ya daina rarraba aiki a watan Maris na 2020 ba tare da ya tabbatar da jin kowa ba, amma BOINC na nan, har a wayoyin Android tun 2013. Yanzu da farantan sola ke yawaita a rufin gidajen Kaduna, batura kan cika da tsakar rana, sauran wutar ta tafi a banza. Wanda ya yanke shawarar ba da wannan rarar zai tarar da ƙaramin akwati yana jiran lamba, kuma shi kaɗai zai faɗi gonar da za a fara.